Daga Garmaho zuwa Katin Waya: Tarihin Na'urorin Sauti da Sana'ar Waƙa a Ƙasar Bangi da Kewayenta

Gabatarwa

Abin da wannan maƙala ta sa gaba shi ne bin diddigin yadda ƙananan na'urorin sauti, watau rediyo da rakoda da wayar hannu, suka shiga rayuwar mutanen Bangi da maƙwabtansu na Madawa da Buza da Keita, da irin sauyin da suka jawo wa waƙa da mawaƙa. Mai yiwuwa ne mai karatu ya ce, ina ruwan mujallar binciken harshe da zancen kaset da batir? Dalili shi ne, in aka auna dukkan Hausar da aka taɓa adanawa a wannan yanki cikin shekaru sittin da suka wuce, za a tarar wadda aka adana da murya ta yi wa wadda aka adana da alƙalami fintinkau. Ma'aikacin yaƙi da jahilci da bai san hanyar da wannan murya take bi ba, daidai yake da manomin da ya ɗauki iri bai zagaya gonar ba.

Bangi ƙaramar hukuma ce ta karkara a gundumar Madawa, cikin jihar Tawa. Tana kudu maso gabas da garin Madawa, dab da iyakar Nijeriya, kuma da an ƙetare iyakar sai ƙasar Sabon Birni da Isa ta jihar Sakkwato. Watau dai Gobir ce a wannan gefe, Gobir ce a wancan. Arewa da nan kuwa, wajen Buza da Keita, ƙasar Adar ce mai duwatsu da kwaruruka. Abu biyu ne suka mallaki tarihin da za mu bayar. Na farko iyaka, domin mafi yawan kayan sauti ta kasuwannin Nijeriya suke shigowa. Na biyu ci-rani, domin samarin wannan ƙasa, musamman Adarawa, sun daɗe suna fita bayan kaka zuwa Nijeriya da Abijan da Kamaru da Libiya, kuma kowace sabuwar na'ura a cikin kayan ɗan ci-rani take fara isowa ƙauye.

Lokacin da waƙa ba ta da ma'aji

Kafin zuwan na'ura, waƙar baka ba ta rayuwa sai a wurin da ake yin ta. Makaɗin fada yana da ubangidansa, makaɗan noma da na mahauta da na maƙera da na ƴan dambe kowa yana da jama'arsa, kuma galibi gado ake yi. Wanda yake son ya ji waƙa tilas ya je inda makaɗi yake, ko ya kira shi ya biya. In makaɗi ya mutu, abin da ƴan amshinsa suka riƙe shi ne ya saura. Waƙar malamai ce kaɗai take da ma'aji, domin ana rubuta ta da ajami, almajirai da makafi su hardace su bi gida gida da ita. Wannan rabuwa tsakanin rubutacciyar waƙa da waƙar baka ita ce manazarta suka gina rabe-rabensu a kanta, kuma za mu ga a gaba yadda na'ura ta rikita ta.

Garmaho bai yi wani tasiri a karkara ba. Kayan sarakuna ne da attajirai da manyan ma'aikata, ga shi faifansa na fashewa, kuma fuska ɗaya ba ta ɗaukar abin da ya wuce minti uku da ɗoriya. Makaɗin da ya saba jan waƙa ɗaya rabin sa'a, yana saka sabon ɗa duk lokacin da wani babba ya shigo fage, ba shi da yadda zai yi da minti uku. Ɗaukar da ta amfani tarihi ita ce ta gidajen rediyo da ta masu bincike. Abin da ya rage mana na muryar Ibrahim Narambaɗa, makaɗin Sarkin Gobir na Isa, wanda ya rasu a farkon shekarun 1960, ta irin wannan hanya ya tsira. A gefen Nijar kuma, a 1963 Tolia Nikiprowetzky ya zagaya ƙasar yana ɗaukar makaɗa, aka fitar da faifan a Faransa ƙarƙashin OCORA. Ya kamata mai karatu ya riƙe wannan shekara, domin za mu komo kanta.

Rediyo da ƙungiyoyin masu sauraro

An buɗe gidan rediyon Nijar a 1958, shekara guda bayan sashen Hausa na BBC ya fara aiki, sa'an nan a 1962 Kaduna ta sami babban gidan rediyonta. Abin da ya kai waɗannan muryoyi ƙauye shi ne ƙaramin akwati mai aiki da batir, wanda ba ya bukatar lantarki. A ƙasar Madawa, Rediyon Kaduna ya zama kamar na gida. Ta nan ne mutanen da ba su taɓa ganin Mamman Shata ko Musa Ɗanƙwairo ko Ɗan Anace ba suka hardace waƙoƙinsu. Akwai wani abu da ba a cika lura da shi ba: shirye-shiryen gaishe-gaishe irin Zaɓi Sonka da wasiƙa suke tafiya. Mai son a ambaci sunansa da na ƙauyensu a iska, ko dai ya iya rubutu ko ya nemi wanda ya iya. Ba ƙaramar ƙofa ba ce wannan ta buɗe wa boko, kuma ba wata hukuma da ta tsara ta.

Hukumar Nijar ta gane ƙarfin murya da wuri. A 1962 aka kafa ƙungiyar masu sauraron rediyo ta ƙasa, aka riƙa ba jagororinta, waɗanda yawancinsu malaman makaranta ne, akwatin rediyo da na'urar ɗaukar magana. Jama'a su taru su saurari shiri kan noma ko kiwon lafiya, su yi muhawara, a ɗauki muryoyinsu a aika Yamai, a tace a watsa. A shekara mai zuwa, 1963, aka kafa ma'aikatar yaƙi da jahilci. Taron Bamako na 1966 ya tsara haruffan rubuta Hausa da wasu harsunan Afirka ta Yamma, Nijar kuma ta ɗauki tsarin ninka dogon wasali. Shi ya sa jaridar karkara da ake bugawa a Madawa, wadda take fitowa a shekarun 1970, ake rubuta sunanta Saabon Ra'ayii. Abin lura a nan shi ne, a wannan zamani na'urar ɗaukar murya da injin buga takarda duka a hannun hukuma suke. Ita take zaɓen wanda za a ɗauka, ita take zaɓen abin da za a buga.

Zamanin kaset

Kamfanin Philips ya fito da kaset a 1963, amma sai a tsakiyar shekarun 1970 ya bazu a ƙasar Hausa, lokacin da kuɗin man fetur ya cika Nijeriya, kuɗin yuraniyom kuma ya ɗan motsa Nijar. Rediyo mai rakoda, ƙirar National ko Sharp ko Sanyo, ta zama alamar cewa ci-rani ya yi kyau. Saurayi ya ɗinka mata riga, ya rataya a kafaɗa ranar kasuwa.

Kaset ya bambanta da duk abin da ya gabace shi ta fuska uku, amma ɗaya ta fi sauran nauyi. Yana da araha, kuma fuskarsa ɗaya tana ɗaukar minti 30 ko 45, watau daidai da numfashin makaɗin gargajiya. Babbar kuwa ita ce maɓallin ɗauka. Karo na farko ke nan da talaka ya iya adana murya ba tare da iznin kowa ba. Ana biki sai a ga rakoda biyar ko shida an jera gaban makaɗi. Makaɗin da sunansa bai taɓa wuce ƙauyuka goma ba, sai ga muryarsa a zangon Adarawa na Abijan. Daga baya da rakoda mai baki biyu ta zo, kowane mai tebur a kasuwa ya zama kamfanin faifai: ya sayo uwa guda daga Sakkwato ko Maraɗi ko kasuwar Ƙofar Wambai ta Kano, ya yi ta haifar mata ƴaƴa. Brian Larkin ya bayyana yadda wannan ciniki yake gudana a Kano cikin littafinsa na 2008. Faɗuwar darajar naira daga 1986 ta ƙara wa kayan Nijeriya araha ga mai riƙe da sefa.

Makaɗi ba ya samun ko tamma daga waɗannan kwafe-kwafe, kuma galibi bai ɗauki wannan a matsayin sata ba. Arzikinsa a fage yake, wajen kari da kyautar ubangida, kaset kuwa roƙo yake yi masa a inda ƙafarsa ba ta kai ba. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijar ta 1993, da ofishin BNDA da aka kafa bayanta, sun zo da wata fahimta dabam, wadda ta ɗauki waƙa a matsayin haja mai mai ita. Har yau waɗannan fahimtoci biyu ba su daidaita ba a kasuwannin ƙauye.

Wani amfanin kaset da ya shafi aikinmu kai tsaye shi ne wasiƙar murya. Ɗan ci-rani ya zauna ya cika kaset da gaisuwa da saƙo, ya ba mai komawa gida. Iyali su taru su saurara, su juya ɗaya fuskar su mayar da amsa. Tsohuwa da ba ta taɓa riƙe alƙalami ba ta faɗi abin da ke ranta da bakinta, ba sai ta tona asirinta gaban ɗan makarantar maƙwabta ba. Littattafan yaƙi da jahilci sun daɗe suna kafa hujja da cewa wanda ya koyi karatu zai rubuta wasiƙarsa da kansa. Kaset ya rage wa wannan hujja ƙarfi, mu kuwa muka ci gaba da maimaita ta kamar ba abin da ya faru. Masu wa'azi sun fi mu saurin ganewa, domin tun daga ƙarshen shekarun 1970 kaset ɗin tafsiri da wa'azi ya cika tebura.

Hukuma ba ta saki fagen ba. A zamanin Seyni Kunce, daga 1974 zuwa 1987, an farfaɗo da samariya, aka fara gasar kokowa ta ƙasa a Tawa a 1975, da bikin matasa na ƙasa a 1976, gidan rediyo da talabijin kuma yana ɗaukar waƙoƙin ƙungiyoyi yana watsawa. A 1986 aka ƙirƙiro gasar kiɗan zamani mai sunan Ɗan Gurmu, mawaƙin Tawa, a 1989 kuma aka buɗe cibiyar koyar da kiɗa ta Alhaji Taya a Yamai. Amma a gefen wannan babbar hanya akwai wata ƴar turba da ba a kula da ita ba a lokacin. A 1978 Mamman Sani ya ɗauki kiɗan da ya yi shi kaɗai da molon lantarki mai maɓallai a gidan rediyon ƙasa, aka fitar da kaset kaɗan. Shekaru da dama ana jin wannan kiɗa tsakanin shirye-shirye ba tare da yawancin masu sauraro sun san mai shi ba, sai a 2013 aka sake fitar da shi a ƙasashen waje. Mutum ɗaya, na'ura ɗaya, babu ƴan amshi, babu ubangida: siffar abin da zai zo ke nan.

Fiyano

A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya a kaset ɗin bidiyo, wanda ake lissafa shi farkon finafinan Hausa na kasuwa. Kafin ƙarshen shekarun 1990 ƙananan ɗakunan ɗaukar waƙa sun buɗe a Kano, jarinsu kuwa bai wuce na'urar Yamaha mai maɓallai ba, wadda Hausawa suka raɗa wa suna fiyano, daga baya aka haɗa da kwamfuta. Waƙoƙin fim irin na Sangaya suka mamaye ƙasar Hausa duka, har da gidajen kallo masu janareta na garuruwan jihar Tawa. Abdalla Uba Adamu ya yi rubutu mai yawa kan wannan zamani da yadda ya aro salon finafinan Indiya.

Fiyano ya warware igiyar gado. Yaron da ubansa malami ne ko ɗan kasuwa, wanda a da ba zai taɓa kalangu ba don gudun a kira shi maroƙi, yanzu yana iya biyan kuɗin sa'a biyu a situdiyo ya fito da waƙa, a kira shi mawaƙi. Mata ma sun sami hanya. Fati Nijar, haifaffiyar Maraɗi, ta ƙetara Kano ta zama ɗaya daga cikin muryoyin da aka fi sani a wannan fage. A Yamai kuma matasa irin ƙungiyoyin Lakal Kaney da Kaidan Gaskia suka ɗauki salon gambarar zamani suna cuɗa Hausa da Zabarmanci da Faransanci. Wanda ya yi hasara shi ne makaɗin ƙauye, domin mai biki ya ga hayar lasifika da mai saka waƙa ta fi masa sauƙi bisa ciyar da ƙungiyar mutum takwas kwana biyu.

Masu kukan lalacewar al'ada sun faɗi nasu, kuma akwai gaskiya a ciki. Kiɗan fiyano ba ya magana yadda kalangu yake bin karin harshe, kuma manhajar gyaran murya ta Auto-Tune, wadda ta fito a 1997, ta sa muryoyi da yawa sun zama kamar ɗaya. Amma a ganinmu akwai abin da kukan ya rufe, wanda ya fi shafar masu tsara karatun manya. Mawaƙin situdiyo da takarda yake shiga. Lokaci kuɗi ne a wurin, ba a ƙaga waƙa nan take kamar a fage, saboda haka sai ya zauna gida ya tsara baitoci, ya daidaita amsa-amo, ya yi gyara. Aminu Ala marubucin littattafan hikaya ne kafin ya shahara da waƙa. Ashe ke nan waƙar da muke jefawa cikin kwandon waƙar baka rubutacciya ce, ta gaji ƙafiyar malamai ta kuma gaji amshin makaɗa. Duk saurayin Bangi ko Buza da ke mafarkin zama mawaƙi yana da dalilin koyon rubutun Hausa wanda ya fi duk dalilan da ke cikin littattafanmu ƙarfi a wurinsa.

Wayar hannu

Kamfanin Celtel ya fara aiki a Nijar a 2001. Ya koma Zain a 2008, ya koma Airtel a 2010, wasu kamfanoni kuma suka biyo baya. Binciken Jenny Aker ya nuna cewa tsakanin 2001 da 2006 zuwan waya ya rage bambancin farashin hatsi tsakanin kasuwannin Nijar da kashi 10 zuwa 16 cikin 100. Wannan shi ne amfanin da masana tattalin arziki suka auna. Amfanin da ba a auna ba ya zo ne da ƙananan wayoyin Sin masu araha, masu lasifika da fitila da gurbin katin ajiya. A ƙauyen da ba lantarki, ba ma sabis sosai, waya ta zama rediyo da rakoda da akwatin kaset gaba ɗaya. Sana'o'i biyu suka tsiro a kowace kasuwar mako: mai cajin waya da janareta ko faifan hasken rana, da mai tura waƙa, wanda yake zaune da kwamfuta yana cika wa mutane kati. Abokai kuma suna tura wa juna ta Bluetooth kyauta. Cikin ƴan shekaru teburin mai kaset ya watse, kasuwar faifan CD ta Kano ma ta bi shi.

Misalin da ya fi fitowa fili na wannan zamani daga jihar Tawa yake. Mdou Moctar, Ba'abzine daga arewacin jihar, wajajen Abalak da Cintabaradan, ya tafi Sakkwato a 2008 ya ɗauki waƙoƙinsa na Tamajak a situdiyon Hausawa, da gangar kwamfuta da gyaran murya irin na waƙoƙin fim. Ba kamfanin da ya fitar da su a lokacin. Daga waya zuwa waya suka yi ta tafiya har arewacin Mali, inda wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya tsince su cikin katunan mutane. Ya sa ɗaya daga ciki a faifan da kamfaninsa Sahel Sounds ya fitar a 2011, sa'an nan ya shiga neman mai waƙar, domin fayil ɗin bai zo da cikakken bayanin mai shi ba. Daga nan Mdou Moctar ya kai ga zagaya Turai da Amurka. Mafi yawan masu ba da wannan labari nasarar suke kallo. Mu abin da ya kamata mu kalla shi ne wahalar neman: waƙa ta yi tafiyar ɗaruruwan kilomita, amma sunan mai ita da garinsu da shekarar da aka yi ta sun zube a hanya, domin su rubutu suke bukata.

Ba a rasa masu gwada haɗa waya da karatu ba. A 2009 da 2010 ƙungiyar CRS tare da masu bincike na jami'o'in Tufts da Oxford sun gudanar da shirin ABC a ƙauyuka 113 na jihohin Doso da Damagaram, da Hausa da Zabarmanci. A rabin ƙauyukan an ƙara wa ɗalibai darasin sarrafa waya da aika gajeren saƙo, sai aka tarar sun fi sauran maki a rubutu da lissafi. A jihar Tawa kuma, lokacin ƙarancin abinci na 2010, ƙungiyar Concern ta raba tallafin kuɗi wata biyar a ƙauyuka 96, wasu daga ciki ta hanyar waya, yawancin masu karɓa kuwa mata ne. Waɗannan gwaje-gwaje sun dogara ne a kan saƙon rubutu. Sai ga shi a 2013 WhatsApp ya shigo da saƙon murya, wanda ba kome ba ne illa wasiƙar kaset ta dawo, tana isa cikin daƙiƙa maimakon wata guda. Karo na biyu ke nan da na'ura ta kewaye rubutu ta bar masu tsara karatu a tsaye.

Sai dai ba ta kewaye shi duka ba. Mai waya tilas ya gane sunan wanda zai kira, ya gane sunan waƙar da yake nema cikin ɗari biyar, in kuma yana da intanet ya rubuta wani abu a YouTube ko TikTok kafin ta fito. Ga mutane da yawa a ƙasar da manyan da suka iya karatu ba su kai kashi 40 cikin 100 ba, sunayen waƙoƙi da na mawaƙa su ne Hausar boko da idonsu ya fi faɗawa a kai kullum. To wace irin Hausa ce? Taron Yamai na 1980 ya nemi daidaita rubutun Nijar da na Nijeriya, Nijar ta bar ninka wasali, dokar 1999 kuma ta tabbatar da ƙa'idojin da muke bi. Amma maɓallan ƙananan wayoyi ba su da ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, wanda ya yi makarantar Faransanci kuma hannunsa ya saba da ou da tch da ch. Kalma ɗaya sai a gan ta waƙa, a gan ta waka, a gan ta wakka. Manyan wayoyi na yanzu suna da allon rubutun Hausa mai ƙugiya, amma sai an shiga an zaɓe shi, kuma ba mai nuna wa mutane. Darasin kwata ɗaya ne, ya kamata a ce yana cikin kowane ajin manya.

Karin harshe da maganar ajiya

Saura batun da ya fi damun mai nazarin harshe. Mutumin Bangi yana cewa munka zo, sunka tahi, shina nan, hwarin doki, ɗiyan gari. Waƙar Narambaɗa da ta Ɗan Anace da irin wannan harshe suka shiga rediyo da kaset, har Bakano ya hardace su haka nan. Waƙar situdiyo kuwa, ko daga wane gari mawaƙin ya fito, galibi da Hausar Kano ko abin da ya yi kusa da ita ake yin ta, domin can kasuwa take. Yaron da ya tashi da waƙoƙin Nura M. Inuwa da Umar M. Shareef da Hamisu Breaker a kunnensa, in ya tashi tsara tasa, bakinsu yake ara. Wannan yana da amfani ta wani gefe, domin daidaitacciyar Hausa tana shiga ƙauye ba tare da malami ba, abin da zai sauƙaƙa aiki tun da dokar ƙasa ta watan Maris 2025 ta ɗora Hausa a matsayin harshen ƙasa. Ta ɗaya gefen kuma, Gobiranci da Adaranci suna komawa harshen saƙon murya da na bidiyon biki, watau abubuwan da ake sharewa in kati ya cika.

A nan ne za mu komo kan shekarar 1963. Abin da Nikiprowetzky ya ɗauka a wannan shekara yana nan, da sunan kayan kiɗa da wurin ɗauka, domin an rubuta an ajiye. Kaset ɗin bikin da aka ɗauka a Madawa a 1985, in bai narke da zafi ba, to da wuya a sami rakodar da za ta juya shi. Katin waya na 2012 kuwa ya ɓace ko an goge shi tuni. Ba a taɓa ɗaukar muryar mutanen wannan ƙasa da yawa kamar yanzu ba, amma ɗaukar da ba ta daɗewa ce. Halin tsaro ya ƙara wa abin gaggawa. Hukumar ƴan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba da labarin mutum fiye da 11,500 da suka tsero daga jihar Sakkwato a watan Nuwamba 2021 saboda ƴan bindiga, suka sauka a ƙauyukan ƙaramar hukumar Bangi. Garin da ya watse, makaɗansa da zabiyoyinsa sun watse tare da shi, kuma abin da ya rage na bukukuwansa yana cikin wayoyin da mutane suka gudo da su.

Cibiyoyin Yamai irin IRSH da CELHTO suna da ɗakunan ajiyar sauti, amma an gina su ne bisa tsarin mai bincike ya fita da na'urarsa ya ɗauko. Yanzu ɗaukar an riga an yi ta, tana cikin kwamfutocin masu tura waƙa na Bangi da Madawa da Buza da Keita, waɗanda su ne suka san wace waƙa ce ta gida, wace ce ta Kano. Abin da ya rage shi ne a bi su a kwafo, da yardar masu waƙoƙin, a rubuta wa kowane fayil abu huɗu: sunan mai waƙa, garinsu, shekara, da dalilin yin ta. Ɗaliban ajin manya da suka kammala shekarar farko suna iya wannan rubutu, kuma baitocin da za su kwafe daga bakin makaɗan garinsu za su iya zama littafin karatun aji na biyu. Tambayar da za ta taso nan take ita ce ko a rubuta munka yadda aka faɗa ko a mayar da ita muka. Shawararmu ita ce a bar wa mawaƙi harshensa cikin baiti, a yi bayanin da ke ƙarƙashi da daidaitacciyar Hausa, a kuma rubuta sunan fayil sau biyu, da ƙugiya da kuma babu ƙugiya, domin mai nema da ƙaramar waya ya same shi.